Danshin Iskar Kudu da Amfanin Gonar Arewa: Abin da Ya Kamata Manomi Ya Sani

Gabatarwa

Kowace rana manyan motoci kan tashi daga Dawanau, Fataskum da Aliero ɗauke da wake, masara, gyaɗa da albasa zuwa kudancin ƙasar nan. Wasu daga cikin kayan kan sauka ne a hannun 'yan uwanmu Hausawa da ke kasuwanci a Garki ta Inugu, Ose ta Anaca, da kasuwannin Mil 1 da Mil 3 na Fatakwal. Sau da yawa akan samu saɓani tsakanin mai kaya da dillali, domin buhun da ya bar Kano a bushe sai a buɗe shi bayan wata guda a tarar ya yi fumfuna. Galibi ba ha'inci ba ne ke jawo haka, bambancin yanayi ne. Fahimtar wannan bambanci zai taimaka wa manomi da malamin gona wajen rage asara.

Rana, Iska da Ruwa

Hasken rana shi ne tushen duk wani yanayi. Idan ya sauka kan teku sai ya ɗumama ruwa, ruwan ya tashi sama a matsayin tururi. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi iya riƙe tururi. A zafin digiri 30 na ma'aunin Salsiyas, mita ɗaya ta iska tsawo da faɗi da zurfi na iya riƙe kimanin giram 30 na ruwa, amma a digiri 20 ba za ta wuce giram 17 ba. Saboda haka idan iska mai ɗumi ta huce, sai ta sauke rarar ruwan a matsayin raɓa ko ruwan sama.

Iskoki biyu ne ke juya yanayin Nijeriya. Akwai busasshiyar iskar hunturu daga Sahara, akwai kuma iska mai laima daga tekun Atilantika. Mahaɗar iskokin nan takan gusa arewa a hankali daga farkon shekara, sa'annan ta koma kudu bayan watan Agusta. Shi ya sa damina kan fara a Fatakwal tun wajen Maris ta kai Nuwamba, alhali a Kano daga Yuni ne zuwa Satumba. Fatakwal kan samu ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, Inugu da Anaca fiye da 1,500, amma Kano takan samu ƙasa da rabin na Fatakwal.

Yadda Hatsi Ke Shan Danshi

Ƙwayar hatsi tamkar gishiri take. Idan iska ta fi ta laima sai ta sha, idan ta fi iska laima sai ta fitar. Da hunturu, danshin iska a Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, amma a Fatakwal yakan haura kashi 80 a mafi yawan watanni. Fumfuna kuwa takan samu damar yaɗuwa da zarar danshin iska ya wuce kimanin kashi 70. Ke nan hatsin da aka zuba a buhu mai ƙofofi zai ci gaba da shan laima a sito har ya lalace, ko da an busar da shi sosai a gida.

Illar ba ta tsaya ga faɗuwar farashi ba. Wata irin fumfuna da ke kama masara da gyaɗa tana haifar da gubar afulatoksin, wadda ke lalata hanta, take kuma hana yara girma yadda ya kamata. Dafuwa ba ta kashe wannan guba.

Gane Bushewar Hatsi

Masara da dawa su sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari na danshi kafin ajiya, ɓararriyar gyaɗa kuma kashi 7 zuwa 8. Inda babu na'urar awo, a yi amfani da waɗannan dabaru:

1. Kunne: busasshiyar ƙwaya kan yi ƙara idan an cije ta, gyaɗa kuma kan yi kacau-kacau cikin ɓawo idan an girgiza. Danshi yana danne amo.

2. Gishiri: a zuba hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bari na ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, to da sauran shanya.

Matakan Kariya a Hanya da Sito

1. A zuba wake da masara a buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Yana tare laima, yana kashe ƙwari ba tare da magani ba. A tuna cewa ragowar maganin ƙwari ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Kada a ɗaure ɗanyen hatsi a wannan buhu, domin zai ruɓe.

2. Baƙin tamfol yana zuƙe hasken rana ya mayar da shi zafi, fari kuwa yana mayar da yawancinsa. Kaya kan yi gumi da rana, da dare tururin ya zama raɓa a ƙarƙashin tamfol ya ɗiga kan buhunan sama. A bar tazara tsakanin tamfol da kaya, musamman albasa, wadda ke bukatar iska ta riƙa ratsa ta.

3. Kada a loda albasa sai wuyanta ya bushe sarai.

4. A sito, a jera buhuna kan katako, nesa da bango da rufin kwano.

5. Abin da za a daɗe ana ajiyewa a bar shi a Arewa, a riƙa turawa Kudu gwargwadon abin da kasuwa za ta ɗauke da wuri.

6. A yi la'akari da hanya. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun tsare motoci kwanaki a Lokoja. A saurari hasashen yanayi da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara kafin a yi lodi a watannin Satumba da Oktoba.

Kammalawa

Aikin manomi bai ƙare a masussuka ba, sai kaya sun isa hannun mai ci lafiya. Ana shawartar malaman gona da su riƙa tambayar manoma inda kayansu za su, kafin su ba da shawarar irin buhu da tsawon shanya. Don ƙarin bayani, a tuntuɓi ofishin aikin gona mafi kusa.