Kwalliyar Zalunci: Yadda 'Yan Nazi Suka Tallata Ƙiyayya da Hoto

Yau Jamus ta shekarun 1930 za mu leƙa, saboda wasu gajerun bidiyo da nake ganin matasanmu suna yaɗawa: sojoji cikin baƙin kaki, tutoci ja wur, Hitler ya ɗaga hannu, an ɗora kiɗa mai tsuma jiki. A ƙasa wani ya rubuta "namijin duniya". To, wannan burgewar da kake ji, da gangan aka ƙera ta.

Hitler ya hau mulki a Janairun 1933. Cikin Maris aka buɗe ma'aikatar farfaganda sukutum, aka damƙa ta ga Joseph Goebbels. Jarida, fim, zane, waƙa, duk suka koma ƙarƙashinsa. Har rediyo mai arha aka ƙera don muryar shugaba ta shiga kowane gida.

Da yawa daga hotunan da ake yankowa yau, daga fim ɗin Leni Riefenstahl suke, wanda ta ɗauka a taron jam'iyya na Nuremberg a 1934, ya fito a 1935. Ku lura da dabarar: fim ya buɗe da jirgin Hitler yana ratsa gajimare kamar daga sama ya sauko. Ana ɗaukarsa daga ƙasa don ya yi kwarjini, jama'a kuma daga sama, sahu-sahu. Albert Speer kuma ya jera manyan fitilun hango jirage sama da 100 suna haska sama da dare, filin taro ya zama kamar gini na haske.

Zanen da bai yi musu ba fa? A 1937 suka kwashe ayyuka kusan 650 daga gidajen tarihi, suka baje su a Munich don a yi musu dariya, suka kira su "lalataccen zane". A 1938 suka yi wa kiɗa irin haka. Hoton tallar baje kolin shi ne baƙin mutum da aka zana da siffar biri, yana busa, da tauraron Yahudawa a ƙirjinsa. Haka suke kallon mai fata irin tamu.

Kuma abin bai tsaya a takarda ba. A 1937 aka yi wa ɗaruruwan yara 'yan yankin Rhineland, waɗanda ubanninsu sojojin Afirka ne, tiyatar hana haihuwa da ƙarfi. A Yunin 1940 sojojin Jamus suka harbe fursunonin yaƙi 'yan Afirka ta Yamma a ƙauyen Chasselay na Faransa. Yahudawa kusan miliyan 6 aka hallaka, ga 'yan ƙabilar Roma, ga naƙasassu.

Yau kayan wancan zamani, hular kwano, lambobin yabo, wuƙaƙe, tutoci, kasuwa ce guda, kuma jabu sun cika ta. A 2022 an sayar da agogon da aka ce na Hitler ne a Amurka kan dala miliyan 1.1. A 2019 wani ɗan kasuwa ɗan asalin Labanan, Abdallah Chatila, ya sayi hular Hitler a gwanjo a Munich, ya bayar da ita kyauta don kada ta faɗa hannun masu kewar Nazi. A Jamus kanta doka ta hana ɗaga alamar suwastika, sai don ilimi, bincike ko makamantansu.

Ni ban ce kada a kalli waɗannan hotuna ba. A kalla, amma da bayaninsu: wa ya ɗauka, wa ya biya kuɗin, wa aka ɓoye a bayan kyamara. Kafin ka tura wa wani, tambayi kanka inda za a ajiye ka da a ce kana cikin filin nan.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.