Kalmomin Yarda A Turancin Kara

'Yan uwa fatake, mu da muke kai shanu Legas da Kumasi, mun saba da "albarka" da "na sallama". To, a can wani lokaci ciniki da Turancin Ingilishi ake yinsa, kuma kalma ɗaya tana iya cinye ribar tirela guda.

Idan mai saye ya ce "I agree", wato ya yarda, ciniki ya faɗa ke nan. "Disagree" kuwa kishiyarta ce, a kasa kunne ga wannan "dis" ɗin na farko. "Agreeable" mutum ne mai sauƙin kai, ko mai niyyar yarda. Bai sallama ba tukuna. Haka shi ma "I hear" na 'yan Buroka: na ji ne kurum, ji kuwa ba yarda ba ne.

"Agreement" ita ce yarjejeniya. Da zarar ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, ta ɗaure ka har gaban alƙali. Saboda haka kada mu dangwala sai amintaccen tafinta ya karanta mana adadin shanu, kuɗi, la'adar dillali da ranar biya.

Allah ya ba da kasuwa.