Sabon Fenti, Tsohon Inji: Rigimar Masu Babur Da Kamfanin Suzuki

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari muryar ba.

Yau maganar babur za mu yi, amma ba babur ɗin cikin garinmu ba tukuna. Amurka za mu fara leƙawa, inda duk shekara, daga tsakiyar shekara zuwa ƙarshenta, kamfanonin babura ke sanar da jerin abin da za su sayar a shekara mai zuwa. Honda ta fito da nata, Yamaha ta fito da nata, Kawasaki ma haka. To idan aka zo kan Suzuki sai a fara dariya, saboda masu hawa sun riga sun san abin da za su gani: babur ɗin bara ne, an canja masa launi, an manna sabuwar sitika a tanki, an ɗan ƙara kuɗi. Har suna suka sa wa abin. Suna cewa BNG, wato Bold New Graphics, kalaman da masu talla ke yawan rubutawa idan ba su da wani sabon abu da za su faɗa. Da Hausa ma'anarsa kawai "sabon zane mai ɗaukar ido". Idan Ba'amurke mai babur ya ce maka na bana BNG ne, yana nufin kar ka wahalar da kanka, fenti ne kawai.

Kuma ba sharri suke yi wa kamfanin ba. Ɗauki DR650, babur mai silinda ɗaya, inji cc 644, wanda aka yi shi don kwalta da jeji duka. Siffar da ake sayarwa yanzu ta fito ne a 1996. Har yau da kabureta yake aiki, iska da baƙin mai ke sanyaya injin, giya biyar, ba ABS, ba wata kwamfuta da ke lura da taya. Yaron da aka haifa shekarar da ya fito yanzu magidanci ne. Ƙaninsa DR-Z400 ya fito a 2000, ya zauna yadda yake har 2024. GSX-R600 da GSX-R750, baburan gudu, rabon da a taɓa su tun 2011. Sai RM-Z450 na tseren ƙasa da tsalle-tsalle, wanda har yanzu da ƙafa ake tayar da shi, alhali abokan gasarsa duk sun koma maɓalli. Wannan na ƙarshen shi ya fi shan tsokana.

Kafin mu je ga faɗan, akwai tambayar da ya kamata a fara amsawa. Idan babur bai canja ba, me ya sa dole sai an kira shi na 2025 ko na 2026? Al'adar "samfurin shekara" daga motoci ta samo asali. A shekarun 1920 kamfanin General Motors ƙarƙashin Alfred Sloan ya ga cewa idan ana ɗan sauya fasalin mota duk shekara, mai ta bara zai fara jin tasa ta tsufa ko da lafiyarta ƙalau. Da haka suka sha gaban Ford, wanda ya nace wa Model T shekara da shekaru. Daga baya abin ya shiga doka da takardu: a lambar jikin abin hawa mai haruffa 17, harafi na goma shekarar samfuri yake nunawa. Inshora da shi take lissafi, banki da shi yake ba da bashi, dila da shi yake sa farashi. Saboda haka ko kamfani bai canja ƙusa ɗaya ba, sai ya sanar da sabuwar shekara. Kuma tunda sai an bambanta na bana da na bara a ɗakin sayarwa, hanya mafi arha ita ce launi.

To me ya hana Suzuki canja fiye da launi? Abu na farko kuɗi ne. Rikicin tattalin arziki na 2008 ya durƙusar da kasuwar manyan babura a Amurka, har ta kai a 2010 Suzuki ba ta kai yawancin sababbin baburanta na titi can ba, saboda na baya sun cika shagunan diloli ba mai saye. A 2012 reshenta na Amurka ya nemi kariyar kotu daga masu bin bashi, ya daina sayar da motoci a ƙasar gaba ɗaya. Sannan ku tuna, Suzuki a yau ƙarfinta a ƙananan motoci yake, musamman a Indiya ta hannun Maruti Suzuki. Manyan baburan da Turawa ke hawa don nishaɗi ƙaramin ɓangare ne na cinikinta. Ƙera sabon inji kuwa aikin shekaru ne, ga sababbin injinan masana'anta, ga gwaji, ga takardun hukuma a kowace ƙasa. Shi kuwa tsohon babur tuni ya mayar da kuɗin da aka kashe wajen ƙirƙiro shi. Duk wanda aka sayar yanzu ribarsa ta fi kauri.

Abu na biyu, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci, doka. Yawancin lokaci ba son rai ke sa kamfani canja babur ba, hukuma ce ke tilasta masa. A Turai dokar hayaƙi tana ta matsewa: Euro 4 a 2016, Euro 5 a 2020, sai Euro 5+ da ta biyo baya. Sun kuma wajabta ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, a kan duk babur da ya wuce cc 125. Babur mai kabureta ba zai tsallake waɗannan ba. Shi ya sa DR650 ya daɗe da ɓacewa daga Turai, GSX-R600 da 750 ma suka bi shi da Euro 4 ta zo. Ostireliya, inda ake matuƙar son DR650 saboda faɗin jejinsu, ta rasa shi a 2021 lokacin da dokar ABS ta hau kan duk sababbin babura. Amurka kuwa ba ta wajabta ABS ba, dokar hayaƙinta ta babura ma ta daɗe ba a ƙara matse ta ba. Kun ga kenan ba wai Suzuki tana raina Amurkawa ba ne. Can ƙofa ta rage a buɗe.

Yanzu mu zo ga su masu hawan, don nan ne daɗin labarin yake.

Akwai masu jin haushi, kuma haushinsu yana da tushe. Abin da suke cewa shi ne, ka ga DR650 wajen 2015 dala dubu shida da rabi ne, yanzu ya haura dubu bakwai, me aka ƙara maka? Kujerar nan mai tauri kamar katako tana nan. Tankin nan na lita 13 yana nan. Ka saya sabo fil, sai ka sake zuba kuɗi ka canja kujera da tanki da shok kafin ya zama babur ɗin tafiya mai nisa. Sannan batun ABS ba ado ba ne, maganar rai ce, musamman ga sabon mahayi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Wasu kuma ba ma kuɗin ke damunsu ba, kishin kamfanin ne. Suzuki ce ta fito da GSX-R750 a 1985 ta sauya yadda ake ƙera baburan gudu, ita ce ta fito da Hayabusa a 1999. Joan Mir ya ci mata kambun MotoGP a 2020, amma ƙarshen 2022 sai ta tattara ta bar gasar. Mai son Suzuki yana kallon wannan yana jin kamar gidansu ne ake rufe ɗakuna ɗaya bayan ɗaya.

Sai ɗaya ɓangaren, masu cewa don girman Allah kar a taɓa. Waɗannan na fi fahimtarsu, kuma zan faɗi dalili. Babur da ya shekara kusan 30 bai canja ba, babu wani ciwonsa da ba a sani ba. An san akwai wasu ƙananan sukurori biyu a cikin inji, na na'urar da ke nuna giya tana firi, masu iya kwancewa, kuma an san yadda ake ɗaure su. Kayan gyaran na 1998 yawancinsu suna shiga na 2023. Ƙananan kamfanoni sun cika kasuwa da manyan tankuna da kujeru da kariya, saboda sun tabbata abin da suka ƙera bana zai sayu shekara goma masu zuwa. Wanda zai ratsa Kudancin Amurka ko Afirka a kan babur ya san cewa idan kabureta ta toshe a ƙauye, kowane bakanike zai kwance ta ya wanke. Idan kwamfutar inji ce ta mutu, sai dai a jira saƙo daga wata ƙasa. Har wajen sayar da na hannu ma suna cin riba, don babur ɗinka ba ya zama tsohon yayi idan sabon irinsa ne sak.

Ko masu tsokanar RM-Z450 sun ɗan yi shiru a watan Maris na 2023, lokacin da Ken Roczen ya ci tseren Supercross na Indianapolis a kansa. Babur mai kik ya bar masu maɓalli a baya. Wannan bai nuna tsohon ya fi sabo ba, Roczen gwani ne kuma babur ɗin gasa ba irin na shago ba ne, amma magoya baya sun samu abin faɗa na shekaru.

To ga inda abin ya zama wasan kwaikwayo. A Nuwamban 2024, a baje kolin EICMA na birnin Milan, Suzuki ta yi abin da aka shekara ashirin ana roƙonta. Ta fito da DR-Z4S a madadin DR-Z400: ta cire kabureta ta sa injekta, ta sa ABS, ta sa na'urar hana taya zamewa, sabon firam, sababbin fitilu. Kuna tsammanin an yi ta tafi? Ina! Farashi ya tashi daga dala dubu bakwai da ɗoriya zuwa 8,999. Nauyi ya ƙaru da kusan kilo bakwai. Giya kuma har yanzu biyar, alhali giya ta shida ita ce abin da aka fi nema tun farko, don injin ya huta a babban titi. Sai aka koma ana yabon tsohon, ana neman ragowarsa a shagunan diloli. Da yawa daga masu kukan BNG ashe abin da suke so shi ne tsohon babur, a tsohon farashi, da tsohon nauyi, a ƙara masa abu ɗaya ko biyu da su suka zaɓa. Kamfani kuwa ba ya iya buɗe inji ya canja abu ɗaya kawai. Da zarar ya taɓa, sai sabuwar dokar hayaƙi ta hau kansa, sai salansa mai tace hayaƙi, sai na'urori, sai nauyi, sai kuɗi.

Kawasaki ma ta ɗanɗana irin wannan. KLR650 ya zauna daga 1987 zuwa 2007 kusan ba canji, aka gyara shi a 2008, aka dakatar bayan 2018, ya dawo a samfurin 2022 da injekta. Shi ma giya biyar, shi ma ya ƙara nauyi, shi ma aka yi ta gunaguni, kuma aka ci gaba da saye.

Kar kuma mu zalunci Suzuki, ba barci take yi gaba ɗaya ba. A 2023 ta fito da sabon inji mai silinda biyu, cc 776, a cikin GSX-8S da V-Strom 800DE, kuma an karɓe su hannu biyu. Wato kuɗin da take da shi ta zuba a inda kasuwa take girma, sauran ta bar su suna ciyar da kansu da fenti.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da faɗan Amurkawa a kan babur ɗin dala dubu tara? Akwai ruwanmu kaɗan. Waɗanda suka san zamanin acaba a Kano ko Kaduna sun san Jincheng AX100, wanda asalinsa ƙirar Suzuki ce da ake haɗawa a Sin. Bayansa Boxer na Bajaj ya mamaye ko'ina, daga masu acaba zuwa 'yan kabu-kabu a Nijar. Abin da ya riƙe waɗannan babura a kasuwa shi ne dai abin da masu DR650 ke karewa: ba sa canjawa, kowane bakanike a bakin titi ya haddace su, kayan gyara kuma ko a kasuwar ƙauye ka samu. Bambancin shi ne, Ba'amurke yana hawa ne ranar hutu, idan ya gaji da ganin abu ɗaya sai ya yi ƙorafi. Wanda ke biyan balas kullum kuwa, ranar da aka kawo masa sabon samfurin da fistin ɗinsa bai shiga na da ba, ranar ce zai yi kuka. A wurinsa sabuwar sitika kawai labari ne mai daɗi.

Sai dai akwai inda ya kamata mu ma mu buɗe ido. Idan dila ya ce maka wannan "sabon shigowa" ne ya ɗora kuɗi a kai, tambaye shi me aka canja ban da zane. A duba lambar inji, a duba kabureta, a duba birki, a tambayi bakanike ko kayan na da suna shiga. Idan amsar ita ce komai iri ɗaya ne, kuma akwai ragowar na bara a kwali a bayan shago da rangwame, ni dai na baran zan ɗauka. Masu DR650 a Amurka haka suke yi, har wasu na jira sai an sanar da launin bana kafin su je su taya na bara.