Sifilin da ke Mayar da Goma Takwas

Tun daga tashar motar Gaya har shagunan cajin waya na Ajingi, gardama ɗaya nake ji kan saƙonnin tallafi da ke yawo a WhatsApp. Wasu daga cikinsu na zuwa da adireshin da babu suna ko ɗaya a jikinsa, sai zallar lambobi. Samari suka yanke wa kansu hukunci wai irin wannan kai tsaye yake shiga rumbun gwamnati, shi ya sa bai ɗauki suna ba. Wani ma har cewa ya yi ya duba lambar, ya ga sifili ne kawai aka ƙara a gaba, kuma ai sifili ba komai ba ne. Wannan magana ta ƙarshe ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Adireshin IP da muka saba gani lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakani, kowace daga 0 zuwa 255. Amma kwamfuta lamba ɗaya tak take gani. Na Google da masu gyaran waya suka haddace, 8.8.8.8, a wurinta 134744072 ne. Ka rubuta ko wanne, gida ɗaya za ka sauka.

Batun sifili ya fi haka ruɗarwa. Tun a shekarun 1980, manhajar Unix ta Jami'ar Kalifoniya da ke Bakali ta zo da wata ƙa'ida da ta gada daga harshen kwamfuta na C: lambar da ta fara da sifili, da lissafin takwas-takwas ake karanta ta. A wannan lissafi daga 7 sai a koma 10. Ke nan 010 takwas ce, ba goma ba, kuma 010.010.010.010 shi ne dai 8.8.8.8 ɗin nan. Burauzar da ke wayarka har yau tana bin wannan ƙa'ida.

Bai kamata abin ya zama baƙo ga Bahaushe ba. Je kasuwar Maraɗi a ce maka kaya dala ashirin ne, ka miƙa sefa ashirin ka ga kallon da za a yi maka. Sefa ɗari ake nufi. Kakanninmu da suka ce fam goma, naira ashirin suke ƙirgawa. Mai goro ya ce ƙwarya biyu, ɗari biyu ke nan. Mudun wannan kasuwa ma ba lallai ya cika na waccan ba. Sifilin gaba aikin kalmar dala yake yi, yana sauya ma'aunin da za a auna abin da ya biyo shi. Idan mai saye da dala yake ƙirga, mai sayarwa kuma da sefa, rigima ta samu.

Irin wannan rigima ce ta fashe a 2021. Masu bincike sun gano cewa wata manhaja mai suna netmask, wadda ɗimbin shafuka ke dogaro da ita wajen tantance adireshi, tana karanta 0177.0.0.1 a matsayin 177.0.0.1, wato baƙo daga waje. Na'urar da ke bayanta kuwa 127.0.0.1 take gani, wato ita kanta, cikin ɗakinta. Mai gadi ya duba takarda ya ce wuce, ashe ƙuryar gida ya buɗe wa ɓarawo. An sami makamancin wannan a harshen kwamfuta na Python, kuma maganin da aka yi a watan Mayun shekarar shi ne ƙin karɓar duk adireshin da aka sa wa sifili a gaba.

To idan ƙwararru sun ruɗe, ina ga mai POS da ke leƙa waya tsakanin kwastoma biyu? Ɗan damfara yana sauya wa adireshinsa riga ne don ya wuce matattarar tsaro, ya kuma wuce idonka. Laifin ba na talaka kaɗai ba ne. Jami'an da ke tura fom ɗin gaskiya ta gajeren adireshi a zauren WhatsApp su suka koya wa mutane danna duk abin da ya zo, gargaɗin kuma sai ya fito da Turanci.

Galibin shafukan gwamnatin Najeriya da gov.ng suke ƙarewa. Duk adireshin da ya zo maka zallar lambobi, da sifili ko babu, kada ka ba shi BVN ko NIN ɗinka.