Ɗalibi da Azumi a Nesa da Gida: Wa Ke Tashinsa Sahur?

Ga rubutaccen shirinmu na yau, don waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Bari mu fara daga Dogon Daji, can ƙasar Tambuwal, kan hanyar Sakkwato zuwa Jega. Yaron da ya tashi a nan, ko a Kebbe, bai taɓa tunanin yadda azumi ke tafiya ba, domin gida ke ɗauke da shi. Da asuba inna ta tashe shi, tuwo na jiransa da ɗumi. La'asar na yi an dama kunu, ana tuyar ƙosai, ƙannensa na ta kai kwanukan ciyayya gidajen maƙwabta suna dawowa da wasu. Azumi ya kai goma, yara su fito tashe. Shi dai nasa ya kai azumin.

To, ranar da ya samu gurbin karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, duk wannan ya tsaya a tashar mota. Ya koma ɗakin kwanan ɗalibai, da risho ɗaya da ɗan garin kwaki. Ga lacca, ga gwaji, wani lokaci ma jarabawa ta faɗo tsakiyar watan. Kuma kun san azumi na matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Na 2023 ya kama a 23 ga Maris, na 2024 a 11 ga Maris, wato lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Wanda ya taɓa takawa daga aji zuwa hostel da ƙarfe biyu na rana ya san abin da nake faɗa.

Wani zai ce, ai matafiyi ne, ya sha mana. A'a. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ya fita daga hukuncin matafiyi, balle mai zaman zango guda. Azumi na kansa.

Wa ke maye gurbin gida? Mafi yawa ɗalibai ne da kansu. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda aka kafa a Legas tun 1954, tana da rassa a manyan makarantunmu, kuma a masallatan makaranta ake haɗuwa buɗa-baki, a yi tarawihi, a saurari tafsiri. Sai ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, a yi karo-karo a sayi gero da sukari da ƙanƙara. Masu hali na cikin gari ma kan aiko da abinci. Allah Ya saka musu.

Amma ga inda nake son mu tsaya. Kusan duk taimakon nan na magariba ne. Kowa na son ladar ciyar da mai azumi, kuma buɗa-baki ne ake gani, shi ake ɗauka a hoto a sa a Facebook. Sahur fa? Ƙarfe huɗu na dare babu mai rabo, babu mai hoto. Ɗalibin da ya yi karatu har ƙarfe ɗaya ya kwanta, sai kiran assalatu ya farkar da shi, shi ke nan ya yi ɗore. Wani kuma ya farka a kan lokaci, amma babu abin da zai sa a baki sai ruwa. Shi ne zai zauna jarabawa da tsakar rana. Ni a ganina, da za a raba kuɗin ciyarwa gida uku, a ware kashi ɗaya a sayi ɗanyen abinci, shinkafa da wake da mai, a miƙa wa ɗalibai ɗaki-ɗaki a asirce, da ya fi wata walimar amfani. Akwai masu kunyar shiga layi, kuma galibi su suka fi buƙata. Ɗalibai mata ma haka, ba kowace ke iya fitowa harabar masallaci karɓar abinci ba.

Kakanninmu sun san da wannan matsala. Kiɗan gwauro da ake yi da dare a garuruwan Hausa, ban da tsokana, ai tashin wanda ba shi da mai tashinsa ne. A Masar ma akwai mai bin unguwa da ɗan ganga yana tashin mutane, suna ce masa musahharati. Ɗalibi kuwa gwauro ne na wucin gadi.

Sai baƙo na gaske, wanda ya ƙetaro iyaka. Sakkwato na da ɗalibai 'yan Nijar, ta Illela da Ƙonni suke shigowa. Yare ɗaya, abinci kusan ɗaya, shi ya sa muke mantawa baƙi ne. Amma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris 2024, azumi ya riga ya kama. Ka yi tunanin mai jiran saƙon gero ko kuɗi daga gida a watannin nan. Namu ma sun ɗanɗana: yaƙin Sudan ya ɓarke a 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe, ɗalibanmu na Khartum suka yi Sallah cikin ƙarar bindiga kafin a kwaso su. Ƙasar da aka sani da tare hanya a tilasta wa matafiyi ya sauko ya sha ruwa.

A Landan kuwa, wani ɗalibin makarantar SOAS mai suna Omar Salha ya lura baƙin ɗalibai na buɗa-baki su kaɗai a ɗaki. A 2013 ya kafa tanti ya ce kowa ya zo, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. A wancan lokacin azumin Ingila na wuce awa 18. Abin ya girma har ana yinsa a manyan filayen ƙwallo. Abin da ya gano shi ne kaɗaici na cin mutum kamar yadda yunwa ke ci.

Mu nan ba sai mun kafa tanti ba, muna da zaure. In kai ɗan gari ne, ka ja abokin karatunka ɗan Maraɗi, ko ɗan Ibadan, ko ma Kiristan da kuke ɗaki ɗaya wanda ya rasa mai sayar da abinci da rana, ku je gida ku sha kunun inna. Ku kai shi kallon tashe, ku kai shi hawan Sallah. Ku 'yan ɗaki kuma ku yi jere, kowane dare mutum ɗaya ne mai tashin saura da ɗora tukunya.

Ku faɗa mana a ƙasa: a makarantarku wa ke ɗaukar nauyin sahur? Sai mun haɗu a shiri na gaba, a sha ruwa lafiya.