Mawaƙa Mata Huɗu Da Suka Cancanci A Zauna A Saurare Su

Yawancinmu muna jin waƙa ne ta sifikar waya, ana hira, ana wanki, ana duba saƙo. Sifikar waya kuwa ƙarama ce, ba ta iya fitar da sauti mai kauri irin na babbar ganga ko jitar bes. Ga kuma waƙoƙin da ake turawa daga waya zuwa waya, waɗanda sau da yawa an matse su don kada su cinye memori. Kafin waƙar ta iso kunne, rabin aikin da aka yi a sutudiyo ya zube a hanya. Shi ya sa muka zaɓo muku mata huɗu da kundin kowace guda, waɗanda aka ɗauki sautinsu da kyau, don ku gwada sauraro a natse lokacin hutu.

Ta farko ita ce Oumou Sangare ta ƙasar Mali, haifaffiyar Bamako a 1968. Tana da shekara 21 ta je Abijan ta ɗauki kundinta na farko, Moussolou, wanda ma'anarsa "mata" a harshen Bambara. A ciki ta taɓo auren dole da 'yancin budurwa ta zaɓi mijinta. Ku kasa kunne ga kamalengoni, wani abin kiɗa mai tsirkiya da ake yi da ƙoƙon duma, da kuma yadda 'yan amshi ke karɓe mata. Wanda ya saba da kiɗan amada zai gane wannan ba-ni-in-ba-ka nan take.

Ta biyu 'yar gida ce, Asa, ana kiran sunan "Asha". A Faris aka haife ta a 1982, ta tashi a Legas. Kundinta na 2007 sunanta yake ɗauke da shi, kuma Cobhams Asuquo, wanda makaho ne, ya tsara sautinsa. Tana rerawa da Ingilishi da Yarbanci. Ba a cika kayan kiɗa ba, saboda haka za ku ji kowace kalma sarai, ku ji jita daban, murya daban. Kundin ya ci kyautar Constantin a Faransa a 2008.

Ta uku ita ce Sade Adu, ana cewa "Shade". An haife ta a Ibadan a 1959, mahaifinta Bayarabe, mahaifiyarta Baturiyar Ingila, kuma tun tana ƙarama aka koma da ita can. Diamond Life, wanda aka ɗauka a Landan ya fito a 1984, shi ne mafi dacewa da gwaji. Ku saurari waƙa ɗaya ta sifikar waya, sannan ku maimaita ta da abin sawa a kunne. Jitar bes da ta ɓace a karon farko za ta bayyana, ku ga ashe ita ke riƙe da waƙar.

Ta huɗu ita ce Cesaria Evora ta tsibiran Cape Verde, wadda ke hawa dandamali ba takalmi. Ta shafe shekaru tana waƙa a garinsu, Mindelo, duniya ba ta san da ita ba, sai da Miss Perfumado ya fito a 1992, tana da shekara 51. Salonta shi ake kira morna, waƙar kewa da begen gida. Ko ba ku jin harshenta, duk wanda ya taɓa zaman makarantar kwana zai fahimci abin da muryar ke faɗa. Ta rasu a 2011.

To, yaya za a saurara? Ku zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, bayan an gama aikin gida da na makaranta. Ku kife wayar, ku bar kundin ya tafi daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe ba tsallake. A saurare na farko ku bi murya, a na biyu ku ɗauki abin kiɗa ɗaya ku bi shi har ƙarshe. Ku nemi kundin a manhajar da mai waƙa ke samun haƙƙinta, domin can ne sautin ya fi tsabta.

Sai batun ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura, domin jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Waƙar da aka ɗauka da kyau ba ta bukatar a ƙure mata murya. Idan kun gama kundi ɗaya, ku rubuta abubuwa uku da kuka ji waɗanda da ba ku lura da su ba, ku kwatanta da na abokanku a aji.