Ruwa Daga Kudu, Hadari Daga Gabas: Bayani Kan Samuwar Girgije da Saukar Ruwan Sama

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa idan aka ce hadari ya taso, gabas ake dubawa. Amma yaron da ya shiga makarantar boko sai a koya masa cewa ruwan da ke sauka a Kano da Katsina daga Tekun Atlantika yake zuwa, wato daga kudu maso yamma. A nan sai ɗalibi ya rasa wanda zai gaskata tsakanin mahaifinsa da malaminsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa dukkansu a kan gaskiya suke, ta hanyar bin sawun ruwa tun yana tururi har ya sauka a gona.

2.0 Daga Tururi Zuwa Girgije

Idan rana ta bugi teku ko kogi ko danyen ganye, wani kaso na ruwan yakan zama tururi ya shige cikin iska. Shi wannan tururi ido ba ya ganin sa. Farin abin da ake gani a bakin tukunya mai tafasa ya riga ya koma ɗigo-ɗigon ruwa, saboda haka ya fi kusa da girgije.

Yawan tururin da iska ke iya riƙewa ya danganta ne da zafinta. Iskar da ta cika ma'aunin mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi tana ɗaukar kimanin giram 30 na tururi idan zafinta ya kai digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, amma a digiri 10 ba ta wuce giram 9 da ɗoriya. Idan ta huce, sai rarar ta koma ruwa. Wannan shi ne asalin raɓar asuba, da gumin da kwalbar ruwan sanyi ke yi. Bai dace a kira wannan mataki daskarewa ba, domin daskarewa ta ƙanƙara ce.

A sararin sama, hawa ne ke sanyaya iska. Ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta, iskar ta yi sama, ta buɗe, ta riƙa rasa kusan digiri 1 a kowace mita 100. Da zarar ta kai inda ba ta iya riƙe tururinta, sai girgije ya bayyana. Shi ya sa gindin gizagizan rana ɗaya kan kasance a shafe, a kan layi guda. Sai dai kuma tururi yana bukatar makama, kamar ƙura ko hayaƙi ko ɓurɓushin gishirin teku. John Aitken na ƙasar Sikotilan ya nuna haka a gwaje-gwajensa na 1880.

3.0 Daga Girgije Zuwa Ruwa

Ba kowane girgije ne ke zubar da ruwa ba. Faɗin ɗigon girgije bai wuce kimanin milimita 0.02 ba, na ruwan sama kuwa yakan kai milimita 2. Ke nan sai an tara ɗigon girgije wajen miliyan ɗaya kafin a sami ɗigon ruwa guda. Hanyoyi biyu ne ke kai ga haka. Ta farko, manyan ɗigo suna faɗowa suna haɗiye ƙananan da suka ci karo da su. Ta biyu, wadda Tor Bergeron na Suwidin ya bayyana a 1933, tana faruwa ne can ƙololuwar girgije, inda ƙwayoyin ƙanƙara ke janye tururi su yi nauyi, su faɗo, su narke a hanya. Hadarin ƙasashenmu kan kai kilomita 15 a tsayi, don haka ruwan da ke jiƙa mu cikin zafi sau da yawa ƙanƙara ne a farkonsa. Wanda ya yi girman da bai gama narkewa ba, shi ne ƙanƙarar da kan farfasa ganyen dawa.

4.0 Iskoki Biyu

Iskoki biyu ne ke rabon shekara a Afirka ta Yamma. Akwai busasshiyar iskar hunturu daga arewa maso gabas, mai ɗauko ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Tana da makama jingim amma ba tururi, saboda haka hazo kawai take kawowa. Akwai kuma iska mai laima daga teku. Iyakar da ke tsakaninsu tana matsawa arewa daga farkon shekara, har ta kai bakin Sahara a watan Agusta, sannan ta juyo. Wannan ne ya sa damina ke faɗuwa a Ibadan tun watan Maris ko Afrilu, amma Kano da Sakkwato sai ƙarshen Mayu ko Yuni. Wani abin lura, wanda marubucin ya shaida a zamansa na Kudu, shi ne lokacin da ake marka a Kano, a Ibadan da Legas ruwa ɗaukewa yake yi na 'yan makonni, domin tekun ya yi sanyi, iskar ba ta hawa.

To, me ya kawo gabas cikin zancen? Iskar teku a ƙasa-ƙasa take tafiya. A bisanta, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Idan girgije ya yi tsayi ya shiga cikinta, sai ta tura shi yamma. Bugu da ƙari, ruwan da ke zuba yana janyo iska mai sanyi ƙasa, ta bazu a gaban hadarin, ta ɗaga iska mai ɗumi da laima, sabon girgije ya haɗu. Ita ce iskar nan mai ƙura da ke riga ruwa isowa, mata su yi ta kwashe shanya. Ta haka hadari ɗaya ke sabunta kansa, ya ratsa ɗaruruwan kilomitoci. Irin wannan hadari shi ke kawo mafi yawan ruwan yankin Sahel.

5.0 Kammalawa

An ga cewa tururi daga kudu yake, amma abin da ke kora hadari daga gabas yake. Wannan sani yana da amfani ga manomi. A bazara, sa'ad da iyakar iskokin ta wuce gari ba da nisa ba, laimar ba ta da kauri. Sai a yi ta gumi, hadari ya haɗu ya watse, ko a yi ruwa sau ɗaya a ɗauke kafa na mako biyu ko uku. Wanda ya zuba dukkan irinsa a wannan ruwa na fari yana iya asarar sa, kuma waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san darajar iri. Don haka ya kamata malamai da jami'an gona su riƙa yin wannan bayani da kalmomin da manomi ya gada, irin su raɓa da hazo da yayyafi da marka, tare da hasashen damina da Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya ke fitarwa a farkon kowace shekara.